Ranar da aka tsayar da katafilata a bakin tsohuwar maƙabarta a Ailan

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Ni Bakatsine ne, amma neman abinci ya kai ni ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, inda nake tuƙa motar haƙa, irin wadda mu a gida muke haɗa su duka mu ce katafila. Shekarata goma sha ɗaya a kan kujerar nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne koke-koken da nake yawan gani a shafukanku, na yadda ake yanka gefen tsofaffin maƙabartu ana fulotai, ko a zo haƙa tushen gini a ci karo da ƙasusuwan bayin Allah. Ni ba malami ba ne, bokon ma ban yi nisa ba. Abin da idona ya gani ta gilashin mota shi zan faɗa.

A watan Nuwamban bara kamfaninmu ya samu wani ɗan ƙaramin aiki a wani ƙauye da ke tsakiyar ƙasar. Bututun ruwan sama za mu binne, sannan mu shimfiɗa wurin ajiye motoci a gefen ɗakin taron ƙauyen. Aikin kwana huɗu ne idan an bar ni da motata. Da sassafen ranar farko, kafin ma injin ya yi ɗumi, sai foman ya zo ya ƙwanƙwasa mini gilashi ya ce in kwance bokitin nan mai haƙora in ɗaura mai sulɓin baki, kuma kada bakinsa ya taɓa ƙasa sai wata mata ta iso. Na tambaye shi wace mata, sai ya nuna mini katangar dutse da ke bayan filin. A cikinta akwai kangon wani coci da ba rufi, ciyayi sun nannaɗe shi, ga duwatsun kaburbura sun karkace nan da can. Na ce masa ai maƙabartar tana ciki, mu kuwa a waje za mu yi aiki. Ya ɗaga kafaɗa ya ce takardar izinin gini ce ta zo da sharaɗin, in ta zo in tambaye ta.

Ta iso wajen ƙarfe takwas cikin wata tsohuwar mota da taɓo ya rine, da takalmin roba, da rigar aiki mai ƙyalli irin tamu, da wani ɗan cokalin magina a aljihun baya wanda ya side har ya koma kamar ganyen darbejiya. Mai binciken kufai ce, tana da lasisin gwamnati da sunanta, na wannan filin shi kaɗai. Na kuwa tambaye ta. Ta ce katangar da nake gani ta jiya-jiya ce, ba ta wuce shekara ɗari biyu ba. Waɗanda suka gina ta sun zagaye kaburburan da idonsu ya gani ne kawai. Asalin wurin kuwa mazaunin ruhubanawa ne tun fiye da shekara dubu, kuma ya ninka abin da ke cikin katangar sau da yawa. Sai ta juya ni ta nuna mini titin ƙauyen, ta ce in lura da yadda ya taho a miƙe, yana zuwa kusa da cocin sai ya lanƙwashe kamar baka ba gaira ba dalili. Ta ce gefen tsohon ramin da ya zagaye wurin yake bi. Ramin ya cike tun tuni, amma hanya ba ta manta ba. Nan take na tuna yadda wasu titunan Katsina ke bin sawun ganuwa ko a inda ganuwar ta kwanta.

Ga wanda bai san abin ba, waɗannan wurare sun fi kama da zawiya haɗe da tsangaya. Wani mai ibada ne zai je ya kafa bukkarsa da ɗan ɗakin ibada, almajirai su taru a gindinsa, a riƙa karatu da kwafar littattafai da hannu, sannu a hankali maƙera da manoma da 'yan kasuwa su zo su raɓa. Idan ya rasu sai kowa ya so a binne shi kusa da shi, har sarakuna. Haka za a yi ta binne wani kan wani shekaru ɗaruruwa.

To, Edita, kwana biyun farko na sha haushi, ba zan ɓoye ba. Ni da na saba in nutsa bokiti in ciko shi fal, sai ga ni ina fere ƙasa kamar mai fere kabewa, kaurin yatsa uku ko huɗu a kowane ja. Ita kuma tana tsaye daf da bakin bokitin, ruwa na tsiyaya ta hularta, idonta a ƙasa. Idan ta juya yatsa, in ci gaba. Idan ta ɗaga tafin hannu, in ɗauke hannuna daga sandar tuƙi, ko da bokitin yana sama ne. Sai ta durƙusa ta kankare wuri da cokalinta, wani lokaci minti biyu, wani lokaci rabin awa. A kwana biyun nan abin da muka samu shi ne fasasshiyar kwalba, da kofaton ƙarfe na doki, da ƙashin saniya. Ina cikin mota ina tsaki, ina cewa a raina wannan ai ɓata man gas ne. Dalilin bokiti mai sulɓi ma sai daga baya na gane shi. Mai haƙora yaga ƙasa yake yi ya yamutsa ta, mai sulɓi kuwa yana barin ta sumul kamar daɓe, kowane canjin launi ya fito fili.

Rana ta uku, bayan mun sha shayin ƙarfe goma, na ja bokiti sai baƙar ƙasar sama ta ƙare, jar ƙasa ta bayyana. Hannunta ya tashi da wani irin sauri da ban ga ta yi ba a baya. Na leƙa, ni dai ban ga komai ba. Ta yafito ni na sauko. Da bakin cokali ta zana mini iyakar abin, sai a lokacin idona ya kama shi: wani dogon tabo mai ɗan duhu a cikin jar ƙasar, tsawonsa kamar na tabarmar salla, kansa a yamma ƙafarsa a gabas. Kusa da shi ga wani, ga kuma wani, a jere. Ta ce ramin da aka taɓa haƙawa aka mayar, ko shekara nawa ya yi, ƙasarsa ba ta komawa launin ta kusa da ita. Ta kankare gefen yamma na na farkon a hankali, sai ga wani abu mai lanƙwasa, ruwan ƙasa-ƙasa. Da a gida ne sai in rantse sakaina ce. Ƙoƙon kan mutum ne, kuma tsakaninsa da inda bakin bokitina ya wuce bai kai faɗin tafin hannu ba.

Na yi salati ban san na yi ba. Ta ɗago ta dube ni, ba ta ce komai ba, ta ciro wani baƙin leda mai kauri ta rufe wurin, ta danne gefunansa da duwatsu.

Daga nan waya ta ɗauka. 'Yan sanda ta fara kira, domin a ƙa'idarsu duk ƙashin mutum da ya fito sai an tabbatar ba na wanda aka kashe kwanan nan ba ne, su kuma su sanar da jami'in binciken mace-mace na yankin. Sannan ta kira hukumar kula da wuraren tarihi da gidan tarihi na ƙasa da ke Dublin, babban birninsu. Wani ɗan sanda ya zo da rana, ya leƙa ƙarƙashin ledan, ya cire hularsa, ya yi rubutu a ɗan littafinsa ya tafi. Aka kewaye wurin da shingen ƙarfe aka rataya masa yadi don kada masu wucewa su tsaya kallo ko ɗaukar hoto. Foman ya yi ta zagaye yana waya, fuskar nan kamar an aiko masa da mutuwa, amma ko sau ɗaya ban ji ya ce mata a rufe a yi shiru ba. Ni kuma aka mayar da ni ɗaya gefen filin. Ba a rage mini ko sisi a albashin makon ba, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan, zan dawo kansa.

Tabon kabari bakwai aka ƙirga a ɗan wurin da muka buɗe. Injiniya ya zo suka baje taswira a kan bonet. Abin da hukuma ta fi so shi ne a bar mamaci inda yake, a canza aikin. Haka aka yi da biyar: aka karkatar da bututun ya bi ta wani tsohon ramin wayar lantarki da aka riga aka yamutsa ƙasarsa, wurin ajiye motocin kuma aka ɗaga shi sama, aka shimfiɗa wani yadi mai kauri a kan ƙasar aka zuba tsakuwa, ba tare da an ƙara nutsawa ba. Biyu ne suka faɗo daidai inda bututun zai haɗu da babbar magudana, babu yadda za a kauce musu. Su aka tone, bayan hukuma ta amince, aka kuma kawo wata ƙwararriya a kan ƙashin mutum.

Na roƙa aka bar ni na shiga bayan shingen lokacin hutun rana. Da burushi irin na fenti da 'yan tsinkayen katako suke aiki, a kwance a kan katako don kada nauyinsu ya danne komai. Mamacin yana kwance rigingine, ba akwati, ba zobe, ba komai na duniya. Kafaɗunsa a matse, ƙafafunsa a haɗe, suka ce alamar an naɗe shi a likkafani ke nan. Na biyun kuwa an jera masa faffaɗan duwatsu a gefe da gefe, an kuma rufa wasu a sama kafin a tura ƙasa. Edita, ina ganin haka sai jikina ya yi sanyi, domin ɗan kabari na gani sak, yadda muke jera itace ko tukwane a kansa don kada ƙasa ta taɓa gawa. Bambancin dai su gabas suke fuskantar da nasu a rigingine, mu kuma a kan gefen dama muke kwantarwa ana duban alƙibla. Ƙwararriyar ta ce wannan mace ce, ta manyanta. Ta nuna mini haƙoranta na ciki, sun side sun yi sumul kamar an goge su da magagari. Ta ce tsakuwar dutsen niƙa ce da ke bin gari, shekara da shekaru ana tauna ta a cikin burodi. Na tuna kakata a durƙushe gaban dutsen niƙa da asuba. Kowane ƙashi sai da aka zana shi a takarda, aka ɗauki hotonsa, aka auna, kafin a ɗaga. Hannun dama jakarsa daban, na hagu daban. Mutum biyu suka cinye musu kusan mako guda. Daga baya ƙwararriyar ta aiko wa foman da saƙo cewa gwajin da aka yi wa ɗan guntun ƙashi ya nuna matar ta haura shekara dubu a kwance.

A daren da na ga ƙasusuwan matar nan ban yi barcin kirki ba, saboda wani abu da na binne a raina tun ina saurayi. Ina ɗan shekara goma sha bakwai ina leburanci, muka je haƙa tushen wani gida a bayan gari. Diga ta fito da ƙashi, sannan wani, sannan guntayen tukwane a jere. Kowa ya san abin da ake nufi. Babban cikinmu ya je ya gaya wa mai ginin. Ya zo ya leƙa ya ce, “Ku tattara ku sa a buhu, in magariba ta yi ku kai can gefe ku rufe. Wanda kuma bakinsa ya yi tsawo, gobe kada in gan shi a nan.” Ya ƙara mana ɗan na goro. Muka yi yadda ya ce. Da na koma gida Inna ta ga ban taɓa tuwo ba ta tambaye ni, na ce mata zazzaɓi ne. Dukkanmu Musulmi ne, dukkanmu mun san hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Sani bai yi mana ƙaranci ba. Kuɗin yini muka ji tsoron rasawa, kuma a filin nan babu mutum ɗaya da zai ɗaga hannu aiki ya tsaya.

Kada wani ya ce ina yabon Turawa ne. Su ma sai da suka yi ɓarna kafin su kai nan. A 1978 mutane kusan 20,000 suka yi zanga-zanga a Dublin don a ceci wani tsohon mazaunin Bikin, mayaƙan ruwan nan na arewacin Turai, a wurin da ake kira Wood Quay, amma duk da haka sai da aka dasa ofisoshi a kansa. Babbar dokarsu ta kare wuraren tarihi ta 1930 ce, aka yi ta yi mata gyara. Gyaran 1994 shi ne ya kawo rajistar wuraren tarihi mai ɗauke da wuri fiye da 100,000, kowanne da alamarsa a taswira, kuma duk mai son taɓa ƙasa a ɗaya daga cikinsu sai ya ba minista sanarwar wata biyu a rubuce. A 2023 sun sake yin wata sabuwa. Kuɗin mai binciken kuwa mai gini ne ke biya, ana lissafa shi tun farko tare da kuɗin siminti da rodi. Shi ya sa foman ya ɓata rai amma bai yi gardama ba.

Batun mallakar abin da aka tsinta ma sai da aka kai ruwa rana. A 1980 wani mutum da ɗansa suka shiga kangon gidan ruhubanawa na Derrynaflan da na'urar gano ƙarfe, suka tono wani kofin azurfa na ibada da faranti da wasu kaya. Wata kotu ta ce a mayar musu ko a biya su fiye da fam miliyan 5. A 1987 kotun ƙoli ta rushe hukuncin ta ce kayan na ƙasa ne, aka ba su tukwicin fam 50,000. A shekarar kuma aka ɗaure amfani da irin wannan na'ura da doka.

Bayan an gama aikin, wata Lahadi na kwashi iyalina muka je Clonmacnoise, a bakin kogin Shannon, saboda mai binciken kufan nan ta ce in ina son in ga yadda ƙauyen da muka yi aiki yake a da, can zan je. Wani mai ibada da ake kira Ciarán ne ya kafa wurin wajen shekarar 545, wato kimanin shekara 25 kafin haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Akwai dogayen hasumiyoyin dutse guda biyu masu zagaye, ƙaramin ɗana na ganinsu ya ce ga Gobarau. Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne sabuwar maƙabartar da ke gefe. A 1990 masu haƙar kabari suka ci karo da wani dutse mai tsohon rubutunsu da ake kira ogham, wanda zane-zane ne a gefen dutse kamar yadda mai shago ke jan layi a bango yana ƙirga bashi. Dutsen nan ya sa wata mai bincike, Heather King, ta shafe shekaru tana tono a wurin kafin kaburbura su cinye shi. Sai ga gidaje, ga titi mai daɓen tsakuwa, ga wurin busar da hatsi, ga maƙera, ga masu sassaƙa mataji da ƙahon barewa. Gari guda a ƙarƙashin filin da kowa ya ɗauka makiyaya ce. A 1994 kuma masu nutso suka gano turakun wata gadar katako a cikin kogin, tsawonta kimanin mita 120, da aka sare itacenta wajen shekarar 804. Masu haƙar kabari ne fa suka fara ganin dutsen nan, kuma suka faɗa.

Mu ma direbobi muna da namu abin tinƙaho. A watan Yulin 2006, a wata fadama da ake kira Faddan More, wani direban motar haƙa irina ya hango wani abu a bakin bokitinsa ya tsaya. Littafin Zabura ne na fata, rubutun hannu, na wajen shekarar 800. Da masu gyara suka buɗe bangonsa sai suka tarar an yi masa shafi da takardar gargajiyar nan ta Masar da ake yi da ciyawar bakin Nilu. Ja ɗaya da ya ƙara da shi ke nan. Yanzu yana gidan tarihi a Dublin, na je na gan shi, ya yi baƙi kamar kilishi.

Abin da zan roƙa a gida ba mai yawa ba ne, don na san ba za mu wayi gari da lasisi da taswirar kwamfuta a kowace ƙaramar hukuma ba. Muna da abin da su ba su da shi: dattawan da har yanzu za su iya nuna maka da sanda su ce daga bishiyar can zuwa kududdufin can kushewa ce, kakana a nan yake. Mai unguwa da limami da magajin gari su zauna da su a rubuta, a kai wa masu ba da izinin gini, tun kafin su ma mu kai su can. Inda aka san gefen tsohuwar maƙabarta ne ko tsohon kufai, kada a fara haƙa sai da wani a tsaye wanda ba mai ginin ke iya korarsa ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana yaye ɗaliban wannan fanni, da yawansu suna zaune ba aiki. Sannan leburan da ya ga ƙashi ya faɗa, a tabbatar masa da kuɗin yininsa. Ni na san abin da ke rufe bakin lebura, na taɓa zama shi.

Saura abu ɗaya da har yau bai kwanta mini ba, kuma na gaya wa mai binciken kufan a gabanta. Mutum biyun da aka ɗaga ba a mayar da su ƙasa ba. A dokarsu tsohon ƙashi irin wannan kayan tarihi ne na ƙasa, bayan an gama nazari sai a sa shi a kwali mai lamba a kai rumbun ajiya, ba a sake binnewa sai da izini na musamman. Ta ce ilmi yana ƙaruwa, abin da ba a iya karantawa a jikin ƙashi yau za a iya nan da shekara ashirin. Na ce mata tsohuwar nan mai sidaddun haƙora wasu ne suka yi mata sutura suka jera mata duwatsu don kada ƙasa ta taɓa fuskarta, ba su yi haka don ta ƙare a kan kanta ba. Ta yi shiru, sannan ta ce su ma a tsakaninsu ana wannan muhawarar. Ban gamsu ba, ita ma ban ga alamar na gamsar da ita ba.

Don haka ina roƙon malamanmu masu karanta wannan jarida su yi mana bayani a wannan fili. Idan aikin jama'a, kamar hanya ko magudana, ya faɗa kan tsofaffin kaburburan da babu wanda ya san masu su, kuma babu halin kaucewa, yaya ake ɗaga su, wa ke da alhakin yi, kuma a ina ake mayar da su? Ina kuma tambaya a kan buhun nan da muka rufe da magariba, ko akwai abin da ya rage a wuyana. Wurin na nan a raina, zan iya nuna shi in na zo gida da babbar salla, ko da yake an ce mini yanzu shaguna ne a kai.

Naku,
Direban katafila, Bakatsine mazaunin Ailan